Kwana Talatin da Bakwai

Daga ƙofar gidana zuwa asibitin Vila Real
kwana talatin da bakwai ne,
ba na barci ba, na hanya.
Shekara ashirin ina ƙirga su
a tsohuwar akori-kurar mijina,
mai nishi a hawa, mai tari a gangara.
Ranar da ta mutu a gindin zaitun
ban yi mata kuka ba.

Ɗana Telmo ya aiko da lissafi daga Porto:
wannan ƙarfin doki ɗari uku,
waccan kafin ƙiftawar ido ta ɓace.
Na ce, ɗana, cinikin biri a sama ke nan.
Hanyarmu ba ta miƙewa tsawon numfashi biyu,
ina zan kai doki ɗari uku?

Asabar na sauka Régua, garejin Belmiro,
mutumin da baƙin mai ya tare a farcensa.
Ya dubi furfurata, ya nuna min motar kai jikoki makaranta.
Na ce, miƙo makullan can.

Ta farko baƙa, faffaɗa,
na taɓa totur ta yi ruri.
Amma inda katangar gonar inabi ta turo ciki
sai na ji kamar ina juya gado a ƙaramin ɗaki.
Madubinta ya sumbaci dutse.
Belmiro ya runtse ido, ya ambaci sunan uwarsa.

Ta biyu shuɗiya, komai da kanta take yi:
ta sa giya, ta gyara min hannu,
ta yi min tsiwa in na kusanci layi.
Na ce, ina da shugaba a wurin aiki,
ba na neman wata a hanya.

Ta uku a bayan gareji take,
kyanwa na barci a kan rufinta na tamfol.
Ja ce da ta koɗe kamar barkonon bara,
kujera biyu, ba wajen baƙo,
ka zauna kamar a tabarma, kwalta a gefen cinyarka.
Belmiro ya ce, ba ta da ƙarfi fa, Graciete.
Na ce, ni ma haka aka ce.

Kulocinta bai nemi faɗa da gwiwata ba,
wannan na fara dubawa,
domin akwai cunkoson safe a bakin gada
inda mota ke rarrafe kamar mai jego.
Giyarta gajeriya, ƙwas, kamar rufe kwalbar magani.
Sai muka hau tudu.

A kwana ta goma sha tara,
wadda ke naɗe ɗan cocin nan mai farar ƙasa,
inda kullum nake riƙe numfashi,
na sassauta, na dubi mafita,
kafin hannuna ya gama magana ta amsa.
Sitiyari ya gaya min tsakuwa,
ya gaya min inda ruwan daren jiya bai bushe ba.
Kogin Douro ya juya ƙarƙashinmu, ya dawo.
Na ji wata tana dariya.
Ashe ni ce.

But ɗinta bai ɗauki kwandon lemo ba,
mun gwada, sai da na zube rabi a kujera.
Rufin yana yoyo a kafaɗar hagu.
Telmo ya yi kwana uku bai kira ni ba,
kwanan barci wannan karon.

Yanzu ƙarfe shida nake fita, hazo kwance a kwari,
tawul a kafaɗa, farin takalmi a jaka.
Ba na gudu, tarakta ma takan rigaye ni.
Akwai sabuwar hanya, miƙaƙƙiya, da ke rage minti goma.
Kullum in na zo mararraba
nakan dube ta, in gaishe ta,
in karya hagu.